Jan Kaki a Ƙofar Mijinyawa

Duk wanda ya taɓa zama a bayan kasuwar amfanin gona ta Gadarif ya san kukan asarar Mijinyawa tun kafin ya san fuskar mai ita. Asara dai matsar man riɗi ce irin ta iyaye da kakanni: ƙaton turmi na gungumen itace da aka binne gindinsa a ƙasa, da taɓarya mai kaurin cinyar ƙato, da wani dogon itace da ake ɗaura wa raƙumi a kafaɗa. A rufe wa raƙumin ido da tsumma, ya yi ta zagaya turmin, taɓarya na murƙushe riɗi, mai na tsattsafowa a hankali. Daga idar da sallar asuba har rana ta take, ƙiii-ƙiii ɗin itacen nan ba ya yankewa. Da shi matan unguwa ke sanin lokacin hura wuta ya yi.

Shi Mijinyawa ba gadon sana'ar ya yi ba. A wata bukka kusa da garin Doka aka haife shi. Kakansa na cikin mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, suka tsaya neman guzuri a nan, guzurin da har yau jikoki ke nema. Tun gemu bai tsiro masa ba ya shiga yankan riɗi a manyan gonakin Gadambaliya, in kaka ta ƙare can ya haye lori zuwa Fashaga. Kai, yankan riɗi azaba ne! In ya nuna aka yi sake, fashewa yake yi ya zube a ƙasa, don haka a duƙe ake wuni da lauje, mai gona na bisa mota yana ihu. A can ya baro bayansa. Har gobe in zai tashi daga tabarma sai ya dafa gwiwa ya ce, "Ya Laɗifu," sannan ya miƙe a karkace.

Da bayan nasa ya ƙi aiki, sai ya samu wuri wajen wani tsoho mai asara, yana zuba riɗi yana kwasar tunkuza. Tsohon ya rasu, 'ya'yansa duk 'yan birni, babu mai son ƙaurin mai a rigarsa. Suka sayar da raƙumin ubansu, suka bar wa Mijinyawa turmin da rumfar. Shi da matarsa Ummusalama suka tattara abin da ke hannunsu, har da awarwaron aurenta, ya tafi kasuwa ya jawo wani ɗan raƙumi ramamme mai baƙin hali, wanda makiyaya suka gaji da cizonsa. Ummusalama ta dube shi sama da ƙasa, ta riƙe haɓa.

"Malam, a kan wannan tarin ƙashin ka ba da awarwarona?"

"Ki bar shi ya ci abinci tukuna," in ji Mijinyawa.

Ya kuwa ci. Ya yi tozo, ya yi sheƙi, suka sa masa suna Dogo. Cizon dai bai daina ba, sai dai ya ware mutum biyu a duniya da ba ya taɓawa. Allah ya ba Mijinyawa da Ummusalama haihuwa, amma babu wanda ya zauna, duk tun suna goye aka mayar da su. Shi ya sa 'yan unguwa kan tsokane shi su ce, "Baba Mijinyawa, ina ɗanka?" Shi kuwa ko murmushi ba ya yi, sai ya ce, "Yana wajen aiki. Ya fi naku da ke kwance har hantsi." Mutum ne mai ƙarancin magana, mai taurin kai kamar dabbarsa, in ka ji yana dogon zance to da Dogo yake yi.

Yadda gidan ke tafiya ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Dogo ya juya turmi, turmi ya ba da mai da tunkuza. Mai ya ciyar da mutanen gida, tunkuza ta ciyar da Dogo. Ranar da turmin ya tsaya, cikin Dogo ne zai fara sani.

To, a Gadarif ba a jefar da jarka. Wadda ta zo da man kamfani, in ya ƙare sai a wanke ta da ruwan zafi da toka, ta ci gaba da yawo hannu zuwa hannu har ta tsage. Mai kanti ya kawo wofi, ya ɗauki cikakkiya, haka ake yi tun fil azal. Rubutun da ke jikinta kuwa, wa ya damu da shi? Hanci ake sa wa mai. Don kada jarkokinsu su ɓace cikin na jama'a, Ummusalama ta riƙa tara gashin da Dogo ke zubarwa, ta tufka 'yar igiya ta ɗaura a mariƙin kowace. Sannu a hankali igiyar nan ta zama shaida. Mace ta je kanti neman man da za ta shafa wa jariri, ko na zubawa a kan dafaffen waken da suke kira ful, in ta ga igiyar gashin raƙumi ba ta ma sunsunawa, sai ta miƙa kwalba.

Ana nan sai yaƙi ya ɓarke a Khartum, ya gangaro Jazira. Gadarif ta cika ta batse da mutanen da suka gudo da kayan jikinsu. Makarantu suka koma masauki, masana'antun mai na can suka tsaya, mai ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Cikin waɗanda suka iso akwai wani Abdelaziz, wanda ya ce babban shago ya bari a Madani. Ya kafa ɗan teburi a bakin wata makaranta da 'yan gudun hijira ke kwana, ya zo asara yana rantsuwa yana share hawaye, ko jarka ɗaya ba shi da ita. Ummusalama ce ma ta fara jin tausayinsa. Suka ba shi aron jarkoki masu igiya, duk wadda ya nema.

Abin da ya kamata Mijinyawa ya lura da shi, bai lura ba. Mutumin nan jarka guda yake saya da mai, amma wofi yake nema da yawa, wai na ɗiban ruwa ne ga iyali. Wane ne zai hana ɗan gudun hijira jarkar ruwa? Ashe ja'irin, tsohon man suya yake bi yana tarawa a gidajen abinci, baƙi ƙirin wanda aka gaji da soya ƙosan ɗa'amiya da kifi a ciki, ya tace da tsumma, ya gauraya da wani mai arha da ba a san asalinsa ba, sannan ya tsiyaya na Mijinyawa a sama don ƙanshi. Igiyar gashin raƙumi ta ƙarasa masa sauran aikin. Yara a makarantar suka kama amai da gudawa, aka kwashi wasu zuwa asibiti. Kafin hukuma ta iso teburinsa, Abdelaziz ya yi layar zana, aka ce an gan shi a motar da ke zuwa garin Doka.

Da hantsi motar hukuma ta tsaya a ƙofar asara. Ɗan sanda guda, da wani matashi mai farar riga, Waleed, daga ofishin da ke duba ingancin kayan abinci. Waleed ya sauke jarka daga bayan mota ya ajiye gaban Mijinyawa. Da Larabci suka yi maganar.

"Ya Hajj, wannan taka ce?"

Mijinyawa ya duba igiyar. Tufkar Ummusalama ce, ko a mafarki ya san ta. Ya ce, "Tawa ce." Ya buɗe murfin ya kai hanci, ya kau da kai ya tofar da yawu. "Jarkar tawa ce. Wannan ƙazantar ba tawa ba ce."

"Na ji. Amma duba nan." Waleed ya nuna takardar da ke manne a jikin jarkar. "Nan an rubuta man gyaɗa na wani kamfani. Kai ka ce man riɗi kake zubawa. Abin da muka samu a ciki kuma ba wannan ba ne, ba wancan ba ne. Yara na kwance a asibiti, ya Hajj. Ni me zan ce wa iyayensu?"

Wallahi da yaron ya yi wa Mijinyawa tsawa da ya fi masa sauƙi, da ya san yadda zai rama. Amma gaskiya ya faɗa, kuma a hankali ya faɗe ta. Aka sa tsohon ya kwance Dogo ya fito da shi waje. Waleed ya ɗibi mai daga turmin cikin 'yan kwalabe, ya ce za a kai gwaji. Sannan aka jawo ƙofar langa-langa, aka zagaya mata waya, aka narka jan kaki aka ɗiga a kan ƙullin, aka danna hatimi. Ɗan sandan ya ce duk wanda ya fasa kakin nan, kurkuku.

"Buhunan tunkuza na ciki," in ji Mijinyawa. "Abincin raƙumin ne."

"Duk abin da ke ciki shaida ne," in ji Waleed, bai yarda sun haɗa ido ba. "Ma'alesh, ka yi haƙuri. Da sakamako ya fito, in manka tsarkakakke ne, ni da kaina zan zo in buɗe."

Nan fa aka shiga jira. Ɗakin gwajin da aka saba kai irin wannan a Khartum yake, yaƙi ya ci shi. Sai an aika da kwalaben can bakin teku, inda kwalaben ƙasar gaba ɗaya ke layi. Mijinyawa ya ɗaure Dogo a gindin bishiyar dogon yaro a tsakar gida. Kwanakin farko Dogo ya yi ta gurnani da asuba yana fizgar igiya, shi a dole sai an kai shi aiki. Daga baya ya haƙura ya durƙusa. Raƙumin da ya saba da tunkuza mai maiƙo, yanzu sai busasshen karan dawa, shi ma karan ya zama zinari, don duk wanda ya gudo da akuya ko jaki shi yake nema.

Ummusalama, da tsufanta, ta koma tankaɗen riɗi a kasuwar amfanin gona tare da mata 'yan ƙwadago, ta dawo da yamma fari fat da ƙura tana tari. Shi kuma Mijinyawa ya riƙa bin amalanken jaki zuwa gefen gonaki yana tsintar kara, da bayan nan nasa da ba ya lanƙwasuwa. Abin da ya samo bai kai ya toshe wa Dogo haƙori ba. Matan da a da ke layi da kwalabe a ƙofarsa kuwa, in sun hango shi sai su gyara mayafi su canza hanya. Ba su ce ya yi ba, ba su ce bai yi ba.

Ƙanin Ummusalama, Lawal, da ke kiwo a wani ƙauye wajen Fashaga, ya zo gaishe su. Ya zagaya Dogo, ya latsa tozon, ya girgiza kai.

"Yaya, ka sayar da shi tun yana da sauran nama. Akwai masu ɗaukar kaya a wajenmu da za su saye shi su yi aiki da shi. Ko kuwa ka ba ni in tafi da shi daji, ya ci ganye."

"In ka tafi da shi, ranar da aka buɗe asara wa zai ja? Kai?"

"Yaushe za a buɗe?"

"Yaron ya ce mako mai zuwa."

"Haba Malam," in ji Ummusalama daga bakin murhu. "Makon nan mai zuwa tun yaushe yake zuwa?"

Mijinyawa ya galla mata harara, ya ce ba da ita yake ba. Lawal ya sha shayinsa ya kama hanya shi kaɗai. Taurin kai ne, ba shakka. Amma a bar wa tsohon gaskiyarsa: ya san abin da ya zuba a turminsa, kuma a ganinsa mutumin da bai yi laifi ba, jira kawai ya kamace shi.

Ofishin kuwa ya zama masa kamar masallaci. Ya wanke jallabiyarsa guda, ya je ya zauna a benci cikin 'yan kasuwar da aka kama da jabun mai na gaske, masu manyan motoci, waɗanda ke biyan tara su fice suna waya suna dariya. Shi ba a ce ya biya komai ba, ba a kuma ce ya tafi ba. Waleed in ya fito ya gan shi, sai fuskarsa ta canza. Shi ma ɗan gudun hijira ne, ɗaki guda suke ciki da uwarsa da ƙannensa. Ya kan sayo masa shayi, ya zauna kusa da shi ya ce, "Na buga musu waya, ya Hajj. Sun ce wuta ce babu." Wani zuwan kuma a ce maganin gwajin ne ya ƙare. Mijinyawa ya so ya tsani yaron nan, ya kasa, kuma wannan ya fi komai ci masa rai.

Rani ya tsananta. Tozon Dogo ya kwanta gefe guda kamar tsohuwar hula. Haƙarƙarinsa suka fito, gwiwoyinsa suka yi gyambo saboda yawan durƙuso, ƙudaje suka samu wurin zama. Wata rana Ummusalama ta dawo ta tarar da mijinta ya juye tuwon da ta ajiye masa a kwanon Dogo. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kukanta mai isarta.

Sai da hadarin damina ya fara haɗuwa sannan motar ta dawo. Waleed ya sauko shi kaɗai, da almakashi a hannu. Unguwa ta taru.

"Ya Hajj, sakamako ya zo. Manka tsarkakakke ne, babu gauraye ko ɗigo. Ba ka da laifi."

Ummusalama ta rangaɗa guɗa. Maƙwabtan da suka daina gaisuwa suka shiga cewa ai su dama sun sani. Waleed ya datse wayar, jan kakin ya faɗi ƙasa ya farfashe. Aka tura ƙofa, warin tunkuzar da ta ruɓe ya bugi mutane, ɓeraye suka watse. Mijinyawa bai damu ba. Ya shafa bakin turmin, ya juya da sauri zai je ya kwanto Dogo.

"Dakata, ya Hajj." Muryar Waleed ta yi ƙasa. "Akwai sauran magana. Bayan abin da ya faru da yaran nan, an fito da sababbin ƙa'idoji ga duk mai matsar mai. Sai an yi daɓen siminti. Sai sabuwar kwalba mai ɗauke da sunanka da ranar da aka matsa, ba tsohuwar jarka ba." Ya dubi turmin. "Kuma ba a yarda dabba ta shiga ɗakin da ake yin abincin mutane ba. Sai dai inji."

Mijinyawa ya tsaya yana kallonsa kamar da wani yare ya yi magana.

"Raƙumin ne ke juya turmin."

"Na sani."

"Ka ce man tsarkakakke ne. To shi ya matsa shi."

"Na sani, ya Hajj. Wallahi na faɗa musu. Suka ce kashi da fitsari da ƙudaje, ba a ware kowa ba. In na bar ka, gobe wani zai zo ya sake rufewa, wannan karon har da kotu."

Mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya. Inji! Mutumin da ke tsintar kara a gefen gona, ina shi ina inji, ina wutar da za ta juya shi? Mijinyawa ya aika wa Lawal, Lawal ya zo ya ga Dogo, ya ce wannan ko rabin hanyar Fashaga ba zai kai ba, kuma babu mai ɗaukar kaya da zai dube shi sau biyu. Ya faɗa ne a hankali, bai ce ai na gaya maka ba.

Ranar kasuwar dabbobi Mijinyawa ya tayar da Dogo da lallashi. Da ƙyar ya miƙe, ƙafafu na rawa. Ummusalama ta shige ɗaki ta ja labule, ta ce ita ba za ta gani ba. Suka kama hanya, tsoho a gaba a karkace, raƙumi a baya yana tsayawa yana hutawa. Dillalai suka zo suka ga kantar itace a kafaɗarsa, suka taɓe baki suka wuce. Har rana ta yi tsaka babu wanda ya taya, sai wani mutum mai kauri da tabon jini a gefen rigarsa. Ya latsa cinya, ya latsa wuya, ya faɗi abin da zai bayar. Mijinyawa bai ja ba.

Da mutumin ya miƙo hannu zai karɓi akala, sai tsohon ya ƙi saki. Bakinsa ya buɗe, shi da ba ya magana.

"Ka ga, kada ka tsaya masa ta hagu, idon nan ba ya gani sosai, zai kai maka cizo. Ruwa kuma kada a ba shi da sanyin safe, yana ƙulle masa ciki. In ka samu tunkuza ka jiƙa ta tukuna, haƙoransa sun yi taushi. Gyambon gwiwar nan man riɗi da gishiri yake so, safe da yamma. In ya ƙi tashi kada a doke shi, magana ake yi masa, yana jin Hausa…"

Mutumin ya saurara har ƙarshe, don yana da ladabi. Sannan ya sosa ƙeya ya dubi ƙasa.

"Baba," ya ce, "ni fa mahauci ne. Gobe da safe ne."

Mijinyawa ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To, ka ba shi ruwa yau dai," ya sakar masa akalar.